Uwar Ƙuda da Tsutsotsinta

Aikinta a ɗakin binciken jami'a shi ne dafa wa ƙuda abinci. Ba ƙudan bola ba, ƙananan nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Takan dama garin masara da yis da sukari, ta zuba a kwalabe, ta toshe da auduga. 'Yan unguwa suka sa mata Uwar Ƙuda, wai ita kaɗai ce ke kiwon abin da kowa ke kora. Ita ko a jikinta.

Dakta, shugabar ɗakin, takan sa tsutsotsin ƙudan a akwatin zafi har su sandare, su daina ci. Uwar Ƙuda ce ke kwashe su da ɗan buroshi mai laushi, ta kai su wuri mai sanyi, ta sa musu sabon abinci, ta ƙyale su. Can sai ka ga ɗaya ta motsa kai, ta fara ci. Shekara da shekaru tana ganin haka, har ta ɗauka haka duniya take: a fitar da mai rai daga wahala, a ciyar da shi, ya dawo.

Da maigidanta ya yanke jiki ya faɗi a bakin tandar gidan burodin da yake aiki, asibiti suka yi iya yinsu suka sallame shi. Ba ta yi kuka ba, a ganinta aikinta ne ya biyo ta gida. Ta mayar da gadonsa ɗakin da rana ba ta bugawa, ta rage masu dubiya, tana ba shi abinci mai ruwa-ruwa da ƙaramin cokali. Ya motsa, ya ci, har ya zauna. Sai dai in ta shigo, ya gyara zama ya gaishe ta kamar baƙuwa.

Ran nan tana wanke kwalabe ta ce, "Dakta, waɗanda suka daɗe a zafin, duk suna dawowa?"

"Wasu sukan tashi su ci, Mama, amma ba sa kaiwa ga yin fiffike."

"To me ake musu?"

Dakta ta ce, "Ba mu sani ba tukuna. Shi muke nema."

Tsoron da Uwar Ƙuda ta daɗe tana dannewa ya taso mata. Da ta koma gida ta ba shi abinci, ya cinye tas, ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya. In kin ga matata, ki ce mata ina jiranta."

Ta goge masa baki, ta ce to, za ta faɗa mata.