Ba Sammu Kawu Ya Taka Ba

Kowa a danginmu ya yarda sammu Kawu ya taka a gonarsa ta gyaɗa. Ba haka ba ne. Na je na gani da idona.

Mun tashi da asuba daga Karaye zuwa garin Kawu, ni da yayana, a bayan a-kori-kura. Ruwan shuka ya sauka jiya, ƙasa sai ƙamshi take yi. Hanyar Rogo kuwa ta caɓe. Sau biyu maza suna sauka turi, direba ya ƙara kuɗin mota wai saboda taɓo, sai ka ce mu muka yi ruwan. A wani ƙauye muka karya da ƙosai, yaji ya fi waken yawa. Duk gonar da muka wuce, masu shuka suna rufe iri da diddige, takalmansu na hutawa a gindin bishiya.

Da hantsi muka isa. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya kwance tsumma. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, ga ƙananan ramuka suna tsiyayar ruwa da 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero. Laya uku a idon sawu. 'Ya'yansa sun riga sun ɗora wa maƙwabcin gona laifin, don sun taɓa rigima a kan iyaka.

Na ce, "Kawu, ƙaya ta taɓa sukarka a nan?"

"Wane manomi ne ƙaya ba ta soka ba? Shekara uku ke nan. Na zare ta, na danna ƙasa a wurin, jini ya tsaya."

"To, da hannunka ka tura ciwon ciki."

Babban ɗansa ya yi tsaki. "Ke 'yar boko, ƙasar da ke ciyar da mu ce ta zama mayya?"

Na maimaita masa abin da malamarmu ta koya mana a sakandare. Akwai wasu halittu a cikin ƙasa, dangi guda, ido ba ya ganinsu. Su ke ruɓar da kara ya zama taki, su ke kawo ƙamshin nan na ruwan farko, daga jikinsu ake samun allurar tarin fuka. Amma in wasunsu suka bi ƙaya cikin nama, a hankali sai sun kai ƙashi. Ya ce tatsuniya ce.

Na janyo malamin asibitin garin ya duba. Ya ce in an kai shi Kano yanzu magani zai iya ci, in an bari sai yankewa. 'Ya'yan suka ce sai an gama turaren karya sammu na kwana arba'in.

Mun dawo Karaye da la'asar, babu Kawu. Na koyi abu ɗaya: mutanenmu sun fi son a ce musu maƙwabci ne da a ce ƙaya ce.

Jibi zan koma, da Inna a gaba. Yayar Kawu ce, bai taɓa yi mata musu ba. Layun su biyo mu motar Kano, ban hana ba. Amma ƙafar nan ba za a yanke ta ina kallo ba.