Maganin Farcen Baba Ishaya

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin magani, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata da damina, lokacin ina mataimakin shugaban sashe a wani asibiti a nan Mubi. Talata ce ranar masu hawan jini da ciwon suga, layi yakan kai har bakin baranda.

Akwai wani dattijo, Baba Ishaya, tsohon hedimasta, mutumin Michika amma a Lokuwa yake zaune. Shekara biyu kafin nan shanyewar ɓarin jiki ta ɗan taɓa shi, aka ɗora shi a kan maganin rage kitsen jini. Ga waɗanda ba su sani ba, yawancin kitsen nan da ake kira kolestarol ba daga tukunya yake zuwa ba, hanta ce take ƙera shi. Aikin maganin shi ne ya tare hanta ta rage ƙerawa, don kada jijiyoyin jini su toshe. Baba bai taɓa tsallake wata bai zo ya karɓa ba.

Ran nan da ƙyar ya sauko daga keke napep, matarsa Mama Rifkatu tana riƙe da shi. Cinyoyinsa da kafaɗunsa ciwo suke kamar an yi masa duka. Likitan da ya duba shi bai daɗe da zuwa wurinmu ba, ga mutane sun yi masa yawa, sai ya rubuta maganin ciwon jiki da na zazzaɓin sauro ya turo su tagata.

Ƙa'idarmu ita ce mai shan wannan magani in ya zo da ciwon tsoka, sai an tsaya an yi tambaya. Na tambayi launin fitsarinsa, ya ce kamar shayi ba madara. Wannan alama ce ta tsoka tana narkewa. Na tambaye shi ko yana shan wani magani ban da namu, ya ce a'a. Na sake tambaya, har da na gargajiya, ya ce shi mutum ne mai ilimi, ba ya shan abin da bai sani ba. A karo na uku ya ɓata rai, ya ce ko na mai da shi ɗan aji ɗaya ne.

Na fito daga ciki na zauna kusa da Mama a kan benci. Na ce ta yi haƙuri ta nuna mini duk abin da yake haɗiya a gida. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa, sannan ta buɗe jaka ta fito da katin kafso. Daga wani kyamis na unguwarsu aka sayo, mako biyar ke nan yana sha saboda farcen ƙafarsa da ya yi kauri ya ruɓe.

Baba ya ce, "Ɗana, ai wannan ba magani ba ne. Na farce ne kawai."

Sai na yi masa bayani. Ƙwayar cutar da ke cin farce, dangin mai kawo makero, ita ma tana ƙera wani irin kitse da take gina jikinta da shi, kafson nan shi yake hana ta. To amma shi ne kuma yake hana hanta fitar da maganinmu daga jiki. Sai namu ya yi ta taruwa a jini har ya fara narkar da tsoka, dattin ya tafi ya cushe ƙoda.

Na ɗauki katin da takardar na koma wurin likita. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ya riga ya duba mutumin, aikina in ba da abin da aka rubuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan bayar ba sai ka ga wannan. Maganin ciwon jikin ma zai ƙara wa ƙodar wahala." Ya karɓa yana tsaki. Da ya karanta sai ya miƙe. Kafin azahar an kwantar da Baba, an ɗebi jini, an sa masa ruwa. Kwana shida ya yi. Ƙodar ta taɓu, amma Allah Ya sa ta dawo.

Da a nan abin ya tsaya da na gode. Baba yana komawa gida ya shiga gaya wa 'yan cocinsu cewa maganin asibiti ya kusa kashe shi. Kafson kyamis ko ambatonsa ba ya yi. Cikin wata guda mutum uku suka dawo mini da maganinsu na rage kitse, ɗaya ma mace ce da ta taɓa samun ciwon zuciya. Kowanne sai da na zaunar da shi na yi bayani daga farko. Shi kuwa Baba da ya dawo a duba shi, na fara lallashinsa ya karɓi wani irin maganin kitsen da ba ya karo da kafson, sai ya tare ni da tambayar ko zai iya ci gaba da na farcen, tunda shi ya ga amfaninsa da idonsa. Wata huɗu muka yi muna wannan ja-in-ja. A ƙarshe Mama ce ta ce ba za ta sake jinyar mai shanyewar jiki ba, sannan ya karɓa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Mutanenmu ba ƙarya suke yi muku ba. A wurinsu magani shi ne wanda aka bi layi aka karɓa da takarda. Na farce, na ƙaiƙayi, na ƙarin ƙarfi, duk ba sa cikin lissafi. Kuma maganin da ke hana ciwon da bai zo ba tukuna, ba mai yaba masa, laifi kawai ake ɗora masa. Don haka kada ku tsaya a kan "ba na shan komai". Ku ce a zazzage jakar a kan tebur, in mai jakar ya ji haushi ya ji.