Buhun Cini-da-zugu Zuwa Zakka

Batsari

Tun kafin kiran assalatu na tashi na ɗaure buhuna, sai murmushi nake ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Irin cini-da-zugu ne a ciki. Wakilin wani kamfani ya raba mana a taron malamai a Katsina, ya ce ana tatsar mai daga 'ya'yansa a zuba wa inji, kuma duk abin da muka noma za su saye. A shekarar da fetur ya gagari kowa, har na jingine babur ɗina a zaure kaji suna kwana a kai, wa zai ji wannan ya iya barci? Niyyata in kai shi Zakka, in shawo kan yayana Sale mu cika gonar gadonmu da shi, a huta da gero.

Sammakon nawa bai amfane ni da komai ba, domin yanzu babu direban da ke kama hanyar Runka sai rana ta fito sosai. Na sha koko da ƙosai a tasha, ƙosan kuwa ya ƙanƙance kamar goriba ta yi 'ya. Da akori-kurar ta cika, direba ya taɓa buhun ya ce, "Malam, mi ka ɗauko haka?"

"Rijiyar mai ce."

"To a ɗora rijiya bisa, amma kuɗinta daban."

Runka

Mun tsaya a shinge uku, ko'ina sai an kwance buhun. Wani ɗan sintiri ya damƙo 'ya'yan ya duba, ya ce, "Wanga ba shi muke shingen garka da shi ba? Ko akuya ba ta kallonai." Na ce to akuyar ma za ta zo ta gaishe ni ran da na sayi tankar mai. Motar duka ta kwashe da dariya, daga nan har muka sauka sunana Alhaji Mai Tanka. Ban ji haushi ba ko kaɗan, daɗi ma na ji.

A Runka na sha fura, na hau ɗan acaba, buhu a tsakaninmu. Gonaki da dama a gefen hanya sun koma daji, masu su sun bar zuwa saboda tsoron 'yan bindiga. Ni kuwa duk filin da na gani sai in cika shi da cini-da-zugu a raina.

Zakka

Na isa ana sallar azahar. Bayan an gama gaishe-gaishe, na zazzage wa Yaya Sale bayani har bakina ya bushe: ba ya son taki, ba ya son ruwa da yawa, ɓarawo ba ya sata, dabba ba ta ci. Ya bari na gama, ya ce, "Tashi mu je gona."

An riga an yi girbi. A tsakiyar gonar muka tarar da shanun Baffa Jauro suna cin kara. Shi dattijon Bafillace ne, abokin marigayi mahaifinmu. Kowace kaka yakan kawo garkensa su kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki, haka muka taso muka gani. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Saboda zumuɗi na sake kwararo masa bayanin tun daga farko, har da maganar tanka. Ya yi dariya sosai, sannan ya tambaya, "Yana da kara?"

"Babu, Baffa."

Ya nuna wata saniya. "Nagge ba ta ci, ka ce?"

"Ko kusa da shi ba ta zuwa," na faɗa da alfahari.

Ya dubi shanunsa, ya ce, "Ɗana, gonarku ce, ku shuka abin da kuka so. Amma gidajen da nake shiga a garin nan sun ƙare, saura naku. Karan nan ne dalilina na zuwa. Bafillacen da ya shigo gari yau babu dalili, kai ma ka san sunan da ake kiran shi."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da nake shirin yi. Yaya Sale ya juya, muka kama hanyar gida. Na kwana a ɗakin soro, da safe na ce masa a bar gero inda yake. Muka bi gefen burtali, hanyar da shanu ke bi, muka auna inda za a shuka layi ɗaya tak idan ruwa ya sauka, ya zama shinge. Ragowar irin na bar wa matan gida su yi sabulu.

Komawa

Direban jiya na sake samu a Runka. Yana hango ni ya ɗaga murya, "Alhaji Mai Tanka, ina rijiya?" Na ce tana nan ana haƙa, layi ɗaya. Aka yi ta dariya har Batsari, inda na sauka kafin la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a kan wannan hanya, na gode wa Yaya Sale da bai ce mini komai ba. Maganar tanka kuwa na ajiye ta. Abin da nake roƙo shi ne kaka mai zuwa in je in tarar da Baffa Jauro zaune a gonarmu, babu mai tambayarsa abin da ya kawo shi.