Rijiyar da Baba Ya Sa wa Kwaɗo

Ban ɗebi ruwan rijiyar gidanmu don ina zarginsa da komai ba. Alfahari ne ya sa na ɗeba, kuma har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Aikina shi ne bin wani rafi da ke karɓar ƙazamin ruwan masana'antu a bayan gari, in ɗebo shi a kwalabe, in auna ƙarafan da suka narke a ciki. Ɗaya ɓangaren aikin shi ne wanda nake ji da shi: na haɗa wani sinadari daga ɓawon gyaɗa, ina shafa shi a kan ƙananan faya-fayan roba, idan aka tsoma su a ruwa sai fuskar robar ta kama dalmar da ke ciki ta riƙe. Wata rana malamin da ke duba aikina ya ce in nemo ruwan wata rijiya ta cikin unguwa, nesa da kamfanoni, don mu kwatanta mai kyau da marar kyau. Ko rufe baki bai yi ba na ce muna da ita a gida, kuma duk unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi babu kamarta.

Baba ya haƙa rijiyar nan ne shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, ina aji huɗu na firamare, ya ce ladan ya je mata. Da gangan ya sa aka haƙa ta a ɗan filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, don kowa ya shigo ya ɗiba ba sai ya jira izini ba. Shi tela ne, kekensa a zauren yake, saboda haka duk mai bokiti ta gabansa yake wucewa. In mutum ya cika ya fito sai ya ce, "Allah ya kai ladan kabarinta," Baba ya amsa da amin ba tare da ya ɗago kai daga ɗinki ba. Na taso ina jin wannan addu'ar sau ba adadi a rana, har na daina lura da ita.

Cikin masu ɗiba akwai wata malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke kallon namu. Mama muke ce mata. Kullum da safe bokiti biyu take ɗiba, kuma ta rantse shayin da aka dafa da ruwan Baba ya fi na famfo daɗi. In ta aiko mana da shinkafar Kirsimeti, Baba ya ce a gaya mata kada ta yi taƙama, ruwansa ne ya yi aikin.

Ranar da sakamako ya fito, ma'aikacin da ke kula da na'urar awo ya kira ni yana dariya, ya ce na yi musayen takardun da ke jikin kwalabe, wai na liƙa sunan rijiya a kan ruwan rafi, don dalmar da ya gani a ciki ta yi yawa. Na yarda, don na san halina da gaggawa. Na wanke sababbin kwalabe, na sake ɗebowa, na rubuta suna da hannuna yana kallo. Dalmar ta sake fitowa, ta ninka abin da aka yarda mutum ya sha nesa ba kusa ba. A karo na uku bai yi dariya ba, ya dai miƙo mini takardar ya tambaye ni ko akwai yara ƙanana a gidan.

Da na dawo unguwa ban shiga gida ba, sai na zaga ta bayan katangarmu. Akwai rumfar masu gyaran batirin mota a wajen tun ina yaro. Suna fasa tsofaffi, su narka dalmar, su tuttular da ruwan batirin a ƙasa. Sau dubu na wuce ta wajen, na ma sha tsayawa mu taɓa hira, amma ni mai karatun sinadarai ban taɓa auna cewa taku goma ne tsakaninsu da rijiyarmu ba. Na tafi bayan gari neman guba, ashe a bayan ɗakina take kwana.

Mako biyu na kasa faɗa wa Baba. Na koma shan ruwan leda, na ce cikina ne ke damuna, ina kallon mutane suna shiga da bokitai suna fita. Wannan mako biyun yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu a rayuwata. Baba ne da kansa ya tare ni wata rana bayan la'asar.

"Kai, boko ce ta kai ka matsayin da ruwan gidan ubanka bai yi maka ba?"

Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya miƙe ya zura guga, ya cika kofin silba ya miƙo mini.

"Duba. Launinsa ya sauya?"

"A'a, Baba."

"Shinshina. Ka ji wani wari?"

"Babu."

"Ɗanɗana."

Na ƙi karɓa. Ya ce tun yana ɗan shekara goma malaminsu ya koya musu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba, mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa. Ya tambaye ni ko na'urar tawa ta fi malamai sani. Na ce tsarki daban, lafiya daban, dalma ba ta da launi ba ta da wari, a hankali take taruwa a jini da ƙashi. Ya kafa kai ya shanye kofin nan tas a gabana. A nan raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce in shi ya gaji da duniya, jariran unguwa da waɗanda ba a haifa ba tukuna ba su gaji ba, su ne dalma ta fi lalata wa ƙwaƙwalwa. Ya kife kofin a bakin rijiya ya koma kan kekensa.

Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sai da kai. A na uku ya kira ni, muryarsa a ƙasa, ya ce, "Wannan robar taka da kake ta ba mu labari, ba ka ce tana kama dalma ba? Kawo ta mu zuba a rijiyar mana."

Da a ce zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi masa bayani cewa robar tawa ɗan ruwan da bai wuce cikin kofi ba take iya tacewa, shi ma a ɗakin gwaji, rijiya kuwa ƙasar da ke kewaye da ita ce ta sha gubar, kullum sabuwa take tsattsafowa.

"Wato shekara biyu kofi ɗaya kake wankewa," in ji shi. Ba da izgili ya faɗa ba, shi ya sa ta fi yi mini ciwo.

Washegari da safe babbar 'yar Mama, wadda ta dawo gida da tsohon ciki don ta haihu a gaban uwarta, ta shigo da bokiti ta gaishe shi. Ina tsakar gida na ji ƙarar keke ta tsaya.

"Ajiye bokitin nan, 'yata," in ji Baba. "Je ki kira mini mamanki."

Da Mama ta zo, ya nuna ni da hannu ya ce in faɗa mata, shi bakinsa ba zai iya ba. Na faɗa. Ta zauna a kan bencin masu kawo ɗinki, na ga tana lissafin shekaru da yatsunta. 'Ya'yanta huɗu duk da ruwan nan aka yi musu koko. Can ta ɗago ta ce, "Ɗana, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Autata da karatu ya ƙi shiga kanta, na yi ta dukanta ina cewa wasa ne ya yi mata yawa, ko wannan ne?"

Na ce ban sani ba, sai an gwada jininta, kuma ko an gwada ba lallai a iya tabbatarwa ba. Gaskiyar ke nan, amma ba ta yi wa kowa amfani ba. Mama ta juya ta ce wa Baba, "Malam, ba laifinka ba ne, alheri ka nufa." Ta ɗauki bokitin 'yarta babu komai a ciki ta fita. Kafin azahar kafinta ya yi wa rijiyar murfin katako, Baba ya sa kwaɗo da hannunsa.

Unguwa ba ta gode masa ba. Wasu suka ce tsufa ya zo masa da rowa, wasu suka ce ɗan bokon ɗansa ne ya hure masa kunne. Masu gyaran batir suka ce su ma shekara ashirin suna sha, ga su nan garau. Na bi gida-gida ina bayani, wasu su saurara, wasu su ce in nuna musu dalmar da ido. Daga baya masu batirin sun tashi saboda mai filin zai yi gini, amma abin da suka bari a ƙasa yana nan. Kowa ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wanda ni ma ban san daga ina suke ɗebo shi ba.

Zauren ya yi tsit. Babu ƙarar guga, babu mai cewa Allah ya kai ladan kabarinta. A lokacin na gane wannan addu'ar ce ta riƙe Baba duk shekarun nan. Ya rame, ya rage hira, ɗinkin ma sai ya ga dama. Wata rana ya tambaye ni ko ruwan yana shiga jiki ta fata. Na ce ba wani abin a-zo-a-gani ba, zai iya alwala da shi muddin bai haɗiye ba wajen kurkure baki. Daga ranar makullin ya koma aljihunsa tare da carbi. Shi kaɗai yake buɗewa, ya cika buta ɗaya, ya mayar ya kulle.

Sau ɗaya ya yi mini tambayar da na san ita ke cin sa. Muna zaune a zaure ya ce, "Duk waɗanda na shayar da sunanta, lada aka rubuta mata ko kuwa alhaki na jawo mata?" Na ce ai niyya ake dubawa. Ya ce ya san wannan tun kafin a haife ni, ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Na gama karatu, aka yabi aikina. Rijiyar Baba layi ɗaya ce a cikin wani jadawali, an rubuta "rijiyar unguwa" da lambobi a gabanta. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ma ya ce wannan layin shi ne mafi ban sha'awa a duk littafin. Na ce na gode.

Bayan shekara biyu Baba ya kwanta ciwo. Likita ya ce ƙoda ce. Na so in tambaye shi abin da ya jawo, na fasa, don na san amsar da zai ba ni ita ce wadda na ba Mama. Ana gobe zai rasu ya sa na laluba aljihun rigarsa na ciro makullin.

"In na cika, da ruwan rijiyar nan za ku yi mini wanka," in ji shi. "Ai ka ce ba ya shiga ta fata."

Da hantsi ya rasu. Mutanen da suka yi masa kallon marowaci suka cika zauren, Mama da 'ya'yanta suna cikin gida tare da mata. Na buɗe kwaɗon da ƙyar saboda tsatsar da ya yi tun kwanciyar Baba, na zura guga. Ruwan ya fito garai-garai, da sanyinsa, babu launi babu wari, kamar yadda ya faɗa. Na cika bokiti uku na kai wa masu wanka. Ina wucewa ta zaure wani tsoho da bai san komai ba ya ga ruwa a hannuna, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Allah ya kai ladan kabarinta." Na tsaya da bokitin na ce amin, sannan na koma na mayar da kwaɗon.