Ƙwaryar Anti Rabi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ƙofar kasuwar Baima labari ya same ni, Anti Rabi ta rasu.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ba 'yan Kumasinsu ne suka kira ni ba. Ƙawarta Madam Lin ce, da guntun Turancinta, tana kuka. Wato har a mutuwar ma ta riga ni.

Wanda bai san Anti Rabi ba, ita ke haɗa mana kagon kaya a unguwar Sanyuanli, nan ƙasar waje inda muke sari. Ranar da na fara sauka garin nan ban san ko gaisuwarsu ta “ni hao” ba, ita ta riƙe ni. Duk safiya sai ta dama koko ta miƙo mini a wata tsohuwar ƙwarya mai zanen wuta, gadon kakarta. Na roƙi ƙwaryar nan har na gaji. Da Hausarta ta zongo da ba ruwanta da mace ko namiji sai ta ce, “Kai Bakano, sha ka ba ni abuna.”

Ni da kaina na kai ta Conghua ta gasa gwiwarta a ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Akwai wani tsohon masauki a wurin, ɗakunan sama an mayar da su gidan adana aikin hannun mutanen ƙauye, su saƙa da sassaƙa da goruna masu zane. Madam Lin ke kula da shi. Anti na ganin gorunan nan ta manta da gwiwa, ta manta da ni.

Daga nan duk Lahadi tana can wajen Madam Lin. Ba sa jin yaren juna, amma sai su wuni suna dariya, ni kuwa ina ɗaki ina kumbura.

Rannan na bi ta, sai ga ƙwaryar cikin gilashi, har da fitila a kanta. Wallahi kishi ya kama ni, kuma ban ɓoye ba. Na ce, “Anti, ni na roƙa, wata aka ba?”

Muna zaune ƙafafunmu cikin ruwan, ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Shi ƙwarya ya samu. Abin da ke ciki wa ya shanye duk shekarun nan?”

Tsaki na ja. Washegari na wuce Kano, jiya na dawo. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Ɗazu Madam Lin ta ce in ina son ƙwaryar in je in ɗauka. Na ce ta bar ta a can. Har yanzu ina jin haushinta, amma me zan yi da ƙwarya ba mai dama mini?

Allah ya jiƙan Anti Rabi, ya shayar da ita daga Alkausara kamar yadda ta shayar da mu a baƙon wuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a.