An Cike Shiyyar Tsafe da Mu

Ɗana na fari shi ne golan ƙungiyar ƙwallon garinmu, Rawayya. Magidanci ne, da mata da goyo, amma in ya ji usur, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye.

Da can wasansu bai wuce Bungudu da ƙauyukan kusa ba. Sai masu shirya gasa a Gusau suka ce za a raba ƙungiyoyi shiyya-shiyya. Ya zo yana mini bayani har da nuna waya: wai a ƙasashen sanyi akwai masu kora 'yar ƙwallo da sanduna a kan ƙanƙara, su ma haka suke yi, kowa da maƙwabtansa.

Na ce, "Madalla. Ku da su wa?"

Ya sosa ƙeya. Wai shiyyar Tsafe ce ba ta cika ba, aka cike ta da mu.

"Tsafe? Su masu ƙanƙarar, ana tare musu hanya a shige daji da su?"

Ya ce, "Haba Inna, wasa ɗaya ne fa. In aka ci mu, shi ke nan mun fita."

Ranar da suka tafi 'Yankuzo, can ƙasar Tsafe, ban iya komai ba. Ga shi a ƙauyukanmu ba a take wasa sai bayan la'asar, sai an dawo daga gona, alhali mai hankali ba ya bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, har surukata ta karɓe wayar ta ce, "Inna, ki zauna." Ita ma ta kasa zama. Tsoro na ji ƙwarai. A sallar magariba na roƙi Allah abu biyu: ya dawo mini da shi, kuma a lallasa ƙungiyarsu, a fitar da su.

Ana kiran isha'i muka ji odar mota da ihun samari. Ya faɗo gida, duk taɓo, muryarsa ta dushe.

"Inna, na kama fanareti! Mun wuce! Asabar mai zuwa sai 'Yandoto!"

Surukata ta dube ni, ta gyara goyonta, ta shige ɗaki. Shi kuwa yana tsaye yana haki, yana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Barka. Allah ya ƙara nasara."

Ya ce amin da ƙarfi.