Kwandon Direba a Kan Katangar Iya

Ranar da na kama haya a Ƙofar Kibo, mutumin da zai tashi ya bar mini gidan yana ɗaure kayansa a zaure. Direban babbar mota ne, mai yawan dariya. Ya ja hannuna zuwa tsakar gida ya nuna mini sama. A kan katangar da ta raba mu da maƙwabta akwai dish na satalayit, irin babban nan na da mai raga, wanda muke ce wa kwando.

"Malam, ga amana," in ji shi. "Da na zauna a Kaduna zan turo a kwance."

Na ce to. Babu wanda ya tilasta mini, da bakina na faɗa.

Bai turo ba. Lambarsa ta daina shiga, a tasha kuma kowa da abin da yake faɗa a kansa. Ni wankin hula nake yi, ban taɓa mallakar talabijin ba. Haka kwandon ya zauna a kanmu shekara da shekaru, yana tsatsa, kurciyoyi suna sauka a kai.

Abin da ya dame ni shi ne gindinsa. Katangar ta ƙasa ce, an kafa ƙarfen a cikinta an zuba siminti. A bayanta kuwa ɗakin wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa, kowa Iya yake ce mata, kuma gadonta a jikin bangon yake. Duk iskar da ta kaɗa kwandon, sai ƙasa ta ɗan tsage a gindin. Saboda haka kafin kowace damina nakan kwaɓa ƙasa in yaɓe wurin. Sai na tura maiɗakina gidajen da ke kewaye ta ce za a hau sama, mata su shiga ɗaki, sannan in kafa tsani in hau ina sallama da ƙarfi, idona a kan hannuna.

Ana nan Alhaji mai gidan ya ce zai aurar da ɗansa, a nan za a ajiye amarya. Bai wulaƙanta ni ba, ya ba ni lokaci, na samu ɗakuna a wajen Ƙofar Doka. Da na je yi masa sallama na kawo maganar kwandon.

"Wane kwando? Ni na kafa?"

"A'a, Alhaji, direba ne."

"To wa ya bar wa?"

"Ni."

"Ka ga ka ba kanka amsa, Malam. Kayanka ka kwashe, amanarka ma ka kwashe."

Na kira mai walda. Ya hau ya daddaɓa, ya sauko yana kakkaɓe hannu. Ya ce notuna sun ci tsatsa, ba za su kwantu ba, kuma ko an sauke shi ɗungurungum ba zai wuce lungunmu ba, wanda ko kurar ruwa da ƙyar take bi. Sai dai a yanka shi gunduwa-gunduwa. Ƙarfen gindin kuwa, idan aka girgiza shi yanzu, kan katangar zai biyo shi, ga hadari ya fara haɗowa, sabon gini ba zai bushe ba. Ya ce in bari sai rani.

Maiɗakina ta ce, "Ka kira 'yan gwangwan su yanke saman mana, iska ta rasa abin kamawa. Mutumin da ya manta da kai, kai kana ta dakon kwandonsa kamar ɗan da ka haifa."

Ta yi gaskiya, amma ba nawa ba ne. Na je wurin limamin masallacinmu bayan la'asar na zayyana masa komai. Ya ce amana ba a taɓa ta sai da izinin mai ita ko magadansa, in ci gaba da cigiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, idan ya faɗo wa tsohuwa fa?" Ya ce cutar da maƙwabci ma haramun ce, idan na tabbatar zai faɗo in cire. Na ce ban tabbatar ba. Ya ce to in yi abin da zuciyata ta natsu da shi. Na tashi ina godiya, alhali zuciyar ce na kawo masa don ta ƙi natsuwa.

Na kira 'yan gwangwan har ƙofar gida. Da ɗayansu ya ɗaga zarto, sai na ga a raina kamar direban yana sallama a zaure yana tambayata kayansa. Na ce su dakata. Suka tafi suna cewa, "Baba, ka taso mu daga nesa don mu zo kallo?"

Ranar tashi na ƙara yaɓe, na ɗaure kwandon da igiya a jikin azara, na miƙa makulli.

Daga nan hawa ya ƙare mini. Gidan amarya ne yanzu, baƙon namiji ba ya kafa tsani a tsakar gidansa. Na yi wa angon magana a ƙofa, ya ce, "Baba, kar ka damu, zan duba." Daga yadda ya faɗa na san ko ɗaga kai bai taɓa yi ba.

Da aka yi ruwa mai iska na farko, ina sabon gida, na kasa cin abinci. Ana ɗaukewa na taka har Ƙofar Kibo cikin taɓo. Kwandon yana nan, ya ɗan karkata wajen ɗakin Iya, igiyar ta saki. Na yi sallama a gidan Iya, ta ce in shigo, ai ni ɗan gida ne. Na roƙe ta ta janye gadonta daga jikin bangon.

"In kai shi ina, ɗan nan? Can ɓangaren yoyo yake yi. Ka fi so in kwana cikin ruwa?"

"Iya, ko zaure ne, zuwa rani."

"Zaure! Da tsufana in kwana da awaki? Kai dai tun da na san ka ba ka rasa abin tsoro. Idan kwanana ya ƙare, ko babu kwandonka zan tafi."

"Ba nawa ba ne, Iya."

"To na wa ne? Ni dai kai nake gani a kansa kowace shekara."

Ta ƙulla mini daddawa in kai wa maiɗakina. Na fito na tsaya a lungu ina kallon tsagar da ke gindin ƙarfen. Daga ƙasa ba na iya gane ko ta ƙaru. Gabas ta sake yin baƙi, aka kira magariba, ni kuwa ina tsaye da ƙullin daddawa a hannu.